Wane tsari ya dace da rubutunka: bin lokaci, dala a kife, ko dalili da sakamako?

Kusan kowane ɗalibin da ya zauna ajin insha'i a sakandare ya haddace abubuwa uku: gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa. Haddar ba ta da laifi, sai dai ba ta kai mutum nesa, don ba ta gaya masa abin da zai fara zubawa a cikin gundarin, balle dalilin da zai sa wannan sakin layi ya rigayi wancan. A nan ne rubutu da yawa ke watsewa. Za ka ga mutum yana da bayanai masu nauyi, Hausarsa kuma tsaf, amma mai karatu ya kai tsakiya bai san inda aka nufa da shi ba. Hukumar WAEC ma ta ware wa wannan gefe kasonsa: a insha'in Turanci, maki 10 cikin 50 na tsari ne zalla, daban da na ma'ana da na iya sarrafa harshe.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, bai kamata tsarin rubutu ya bi yadda bayanai suka zo wa marubuci ba. Tambayar da ke bakin mai karatu ita ce ya kamata ya bi. Mai tambayar "me ya faru?" daban yake da mai tambayar "me ya jawo?", haka mai tambayar "wanne zan ɗauka?" da mai tambayar "to yanzu me za a yi?". Don kwatancin ya yi adalci, zan ɗauki batu guda wanda da wuya a sami ɗan Najeriyar da ya manta da shi, wato canjin kuɗi na 2022 zuwa 2023, in juya shi ta fuskoki daban-daban, mu ga abin da kowane tsari ke fito da shi da abin da yake dannewa.

Mu fara da bin lokaci, tunda shi ne hannunmu ya fi sabawa da shi. Ga yadda labarin zai kasance:

"Ranar 26 ga Oktoba, 2022, Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Ranar 15 ga Disamba sababbin takardun suka fara yawo. Aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya amince tsohuwar naira 200 ta ci gaba da yawo har 10 ga Afrilu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dukkan tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023."

Babu wanda zai ɓata a cikin wannan sakin layi. Wannan shi ne ƙarfin bin lokaci: mai karatu ba ya wahala, marubuci ma ba ya wahala, domin kalanda ta riga ta yi masa jeri. Kuma harshenmu ma yana jan mutum zuwa nan. Tun a tatsuniyar dare kunnenmu ya saba da "sai ya tafi, sai ya tarar, sai ya ce", saboda haka da zarar Bahaushe ya ɗauki alƙalami, wannan zaren ne ke fara zuwa masa. Idan tarihin rayuwar wani za ka rubuta, ko rahoton yadda taro ya gudana, ko bayanin yadda ake yin wani abu, kada ka nemi wani tsari. Mai yi wa ƙaninsa bayanin rajistar JAMB dole ya ce masa a fara samun lambar NIN, sannan a nemi lambar da hukumar ke turowa ta waya, sannan a biya kuɗi, sannan a tafi cibiyar rajista. A irin wannan wuri jerin shi ne ilimin kansa, in ka juya shi ka ɓatar da yaron.

Amma sake duba sakin layin da ke sama. Ina wahalar da mutane suka sha? Ina dogayen layuka a bakin banki tun asuba, da masu POS da suka riƙa yankar kaso mai tsoka kafin su ba ka kuɗinka, da manomin da ya karya farashin hatsinsa ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu? Ba sa ciki, domin ba su da takamaimiyar rana. Bin lokaci yana son abin da ke da kwanan wata, yana kuma ba kowane aukuwa nauyi ɗaya, ƙarami da babba. Hukuncin Kotun Ƙoli, wanda shi ne ya fi shafar aljihun mai karatu, ya faɗo a ƙarshe ba don komai ba sai don shi ne ya zo daga baya. Mafi muni kuma, ɗalibin da aka ce masa "tattauna illolin canjin kuɗi" ya rubuta wannan jerin, bai amsa tambayar ba ko da duk ranakunsa daidai ne. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai: an tambaye su dalili ko illa, su kuma suka ba da labari.

Kishiyar bin lokaci ita ce tsarin da 'yan jarida ke kira dala a kife, wato faɗin a sama, tsinin a ƙasa. Abu mafi muhimmanci shi ke zuwa a jumlar farko, sauran su biyo baya gwargwadon nauyinsu. Ɗan jaridar da ya rubuta labarin a ranar hukuncin zai fara ne da cewa: "Kotun Ƙoli ta yanke hukunci yau Juma'a cewa tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023." Bayan nan ya kawo cewa jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara shigar da ƙarar kafin wasu su bi sahu, sai can ƙasa ya tuna wa mai karatu yadda abin ya faro tun watan Oktoba. An saba danganta wannan tsari da jaridun Amurka na ƙarni na 19, kuma amfaninsa a ɗakin labarai a fili yake: idan shafi ya cika, edita yana yanke labarin daga ƙasa ba tare da an rasa zuciyarsa ba. Mai karatu ma yana iya tsayawa a inda ya ga dama, ya tafi da abin da ya zo nema.

Ba sai ka zama ɗan jarida za ka buƙace shi ba. Sanarwar rasuwa da aka tsara da kyau dala ce a kife: bayan "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", sai sunan mamaci, sai lokaci da wurin jana'iza, sannan a zo kan shekarunsa da waɗanda ya bari. Wanda ya jera tarihin marigayi tun daga haihuwa ya bar lokacin jana'iza a layin ƙarshe, yana iya sa wani ya rasa sallar. Haka saƙon da za ka tura zauren WhatsApp na ƙungiya, haka rahoton da za ka miƙa wa maigidanka a ofis, haka rubutun Facebook, inda ake yanke maka bayani bayan 'yan layuka a ce mai karatu ya danna kafin ya ga saura. Duk abin da ba ka faɗa ba kafin wannan yankan, ka ɗauka yawancin mutane ba za su gani ba.

Akwai wani wuri da wannan tsari ke karo da tarbiyyarmu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mun taso a kan cewa ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye. Sai an yi gaisuwa, an tambayi iyali, an yi godiya a kan alherin baya, sannan a kewayo. Idan wasiƙa za ka rubuta wa kawunka ko hakimin garinku, wannan kewaye ladabi ne, kuma wanda ya tsallake shi ya yi rashin ta ido. Amma takardar neman aiki, ko ta neman tallafin karatu, ko koke zuwa wata ma'aikata, tana faɗawa ne hannun jami'in da ke da tarin irinta a gabansa. A nan gaisuwa ta layi ɗaya ta isa, buƙatar ta biyo nan take, hujjoji su zo daga baya. Ladabin da ya dace da wannan jami'i shi ne kada ka ɓata masa lokaci.

Inda dala a kife ba ta aiki shi ne inda kake son mai karatu ya yi tafiya tare da kai. Ƙarshenta kullum a sanyaye yake, tunda tarkace ake bari a can. Labarin ƙirƙira ya mutu idan ka faɗi yadda ya ƙare a jumlar farko. Insha'in jarrabawa ma yana son kammalawa mai ƙarfi, ba wadda ta tsiyaye ba. Kuma idan za ka faɗi ra'ayin da ka san mai karatu zai ƙi, jefa masa shi a layin farko yana iya sa ya rufe kunne kafin ya ji hujjarka.

Tsari na uku, dalili da sakamako, shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi nuna ko marubuci ya yi tunani. Yana da hanya biyu. Kana iya farawa daga abin da aka gani ka koma baya neman musabbabinsa, ko ka fara daga matakin da aka ɗauka ka bi abubuwan da ya haifar. Ta hanyar farko sakin layin zai zama kamar haka:

"Ƙarancin tsabar kuɗi da aka sha a watan Fabrairun 2023 ya samo asali ne daga abubuwa uku da suka haɗu. Bankuna sun karɓe tsofaffin takardu da sauri fiye da yadda sababbi ke fitowa. Hanyoyin tura kuɗi ta waya, waɗanda aka so jama'a su koma kansu, sun riƙa cijewa saboda yawan masu amfani da su a lokaci guda. Sannan ƙauyuka da yawa ba su da banki kusa, kuma cinikinsu gaba ɗaya na hannu da hannu ne."

Ka ga ranakun sun kau, amma an sami abin da bin lokaci bai bayar ba, wato fahimta. Haɗarin wannan tsari shi ne, abu ya biyo bayan wani ba ya nufin shi ya jawo shi. Kalmomin "saboda haka" da "wannan ya sa" da "sakamakon haka" alkawari ne ga mai karatu cewa akwai igiya tsakanin abubuwa biyu, kuma marubuta da yawa suna liƙa su a inda babu igiyar. Wani haɗarin shi ne cakuɗa abin da aka faɗa da abin da ake zato. Babban Banki ya bayyana dalilansa: ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a watan Satumban 2022, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, ya kuma ambaci jabun kuɗi da biyan kuɗin fansa ga masu garkuwa da mutane. Jama'a da yawa kuwa sun danganta matakin da hana sayen ƙuri'a a zaɓen 25 ga Fabrairu. Marubucin kirki zai raba waɗannan a sakin layi daban-daban, ya nuna wanne hukuma ta faɗa, wanne fassarar mutane ce. In ya zuba su wuri ɗaya a ƙarƙashin "dalilai", ya yaudari mai karatu ko da bai yi niyya ba.

Idan dalilan sun kai uku ko huɗu, wanne za a fara da shi? A rubutun intanet na fi son mafi ƙarfi ya zo farko, don ba ka da tabbacin za a kai ƙarshe. A muhawara ta baki ko jawabi, inda masu sauraro suna zaune har ka gama, mafi ƙarfi ya fi kyau a ƙarshe, domin shi zai rage a kunne. Dalilin da ka san rarrauna ne kuwa, kada ka ɓoye shi a tsakiya don cika lissafi. Cire shi. Abokin hamayya a kansa zai sauka, ya manta da sauran.

Daga dalili da sakamako ake gangarawa zuwa matsala da mafita, kuma a nan ina da ƙorafi a kan yadda muke rubutu. Ɗauki maƙaloli a kan shaye-shaye, ko almajiranci, ko ambaliya a lokacin damina. Sakin layi tara na kuka ne, kowanne ya fi na baya zafi, sai a layin ƙarshe a ce "muna kira ga gwamnati da masu hannu da shuni da su kawo ɗauki." Wannan ba tsarin matsala da mafita ba ne, tsarin matsala ne kawai. Mai karatu ya riga ya san matsalar, a cikinta yake kwana. Abin da ya zo nema shi ne rabin da aka ba layi ɗaya. In za ka bi wannan tsari, taƙaita matsalar, fito da musabbabanta, sannan kowane musabbabi a ba shi tasa mafita, tare da sunan wanda aikin ya rataya a wuyansa. Idan batun toshewar magudanan ruwa ne a unguwa, akwai abin da ke kan mai unguwa da matasa, wato yashe kwata kafin ruwan farko. Akwai na ƙaramar hukuma, wato kwashe sharar da aka fito da ita kada ta koma ciki. Akwai na hukumar tsara birane, wato hana gini a kan hanyar ruwa. Rubutun da ya rarraba haka ana iya ɗaukarsa a je da shi ofis. Na farkon kuwa sai dai a karanta a girgiza kai.

Yanzu kwatanci, wanda shi ne ke amsa tambayar "wanne zan ɗauka?". Hanya biyu ce ake bi, kuma zaɓi tsakaninsu yana sauya rubutun ƙwarai. A ce mai shagon aski ne ke tunanin ko ya ci gaba da janareta ko ya sa sola, musamman tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Ta hanyar farko za ka gama da janareta ɗungurungum, kuɗin sayensa, man da yake sha, gyara, ƙara da hayaƙi, sannan ka koma kan sola ka yi mata haka. Ta hanya ta biyu za ka ɗauki ma'auni ɗaya-ɗaya. Kuɗin farawa: janareta ya fi sauƙi, sola tana son dunƙulallen kuɗi a tashi guda saboda faranti da batir da na'urar juya wuta. Kuɗin yau da kullum: janareta kullum sai an zuba masa, sola ba ta shan mai. Gyara: janareta yana son baƙin mai da makaniki a kai a kai, sola kuma babban kashinta yana zuwa ne ranar da batir ya gaji. Yanayi: janareta bai damu da hadari ba, sola tana raguwa a kwanakin da rana ta ɓuya ko ƙurar hunturu ta rufe faranti.

Hanyar farko ta fi daɗin rubutawa, kuma tana ba kowane abu cikakkiyar siffarsa. Ta dace idan rubutun gajere ne, ko idan mai karatu bai san ɗaya daga cikin abubuwan ba sam, yana buƙatar a gabatar masa da shi tukuna. Aibinta shi ne ta bar wa mai karatu aikin: sai ya riƙe duk abin da aka faɗa a kan janareta a kansa, ya jira har a zo sola, sannan ya haɗa da kansa. Sau da yawa ma sai ka tarar marubucin ya auna na farko da ma'auni huɗu, na biyu da wasu uku daban, ya zama insha'i biyu aka manna, ba kwatanci ba. Hanya ta biyu ba ta barin wannan zamba, domin duk ma'aunin da ka ɗaga dole ka aza shi a kan duka biyun. Idan ma'aunan sun wuce uku, ko mai karatu yanke shawara zai yi da kuɗinsa, ita nake ba da shawarar a bi. Abin kiyayewa kawai shi ne kada ta zama kai-komo mai gundura, wannan kaza wancan kaza har ƙarshe. Maganinsa shi ne ka daɗe a kan ma'aunin da ya fi raba gardama, ka wuce da sauri a inda bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma ka faɗi naka zaɓin. Kwatancin da ya ƙare da "kowanne yana da amfaninsa da rashin amfaninsa" bai taimaki mai askin nan da komai ba.

Akwai tsare-tsare biyu da ba sa buƙatar dogon bayani. Rarrabewa gida-gida sananne ne ga duk wanda ya yi karatun zaure, domin haka littattafan fiƙihu irin su Risala suke: babin tsarki, babin sallah, babin azumi, babin zakka, kowace mas'ala da gidanta. Sharaɗinsa ɗaya ne, ma'aunin rabon ya zama guda. Wanda ya kasa makarantu zuwa "na gwamnati, na kuɗi, da na kwana" ya haɗa ma'auni biyu, tunda makarantar kwana tana iya zama ta gwamnati ko ta kuɗi. Shi kuwa bin wuri na insha'in siffantawa ne. In za ka siffanta Kasuwar Kurmi, shiga ta ƙofa ɗaya ka bi da mai karatu layi-layi yadda ƙafa za ta bi, kada ka yi tsalle daga 'yan turare zuwa bakin titi ka dawo.

Insha'in muhawara ya fi waɗannan buƙatar dabara, domin tambayar ba ta tsaya ga jera hujjojinka ba, har da inda za ka ajiye hujjar abokin hamayya. Malamanmu na da suna da salo mai kyau a kan wannan, wanda har yau ake ji a majalisin karatu: "idan ka ce kaza, sai mu ce kaza." Suna ɗauko ƙalubalen da kansu kafin wani ya ɗauko, su amsa shi. Idan masu karatunka sun riga sun karkata gare ka, kawo hujjojinka tukuna, ka bar ƙalubalen zuwa dab da ƙarshe. Idan kuwa ka san akasarinsu suna ɗaya gefen, fara da nasu ra'ayin, ka faɗe shi da kyau yadda su da kansu za su ce ka yi musu adalci, sannan ka nuna inda ya gaza. Mai kare canjin kuɗi a gaban 'yan kasuwar da suka yi asara, in bai fara da amincewa da asararsu ba, babu mai saurarensa. Kusa da wannan akwai tsarin tambaya da amsa, wanda shi ma tsoho ne a wannan yanki: haka Shehu Maghili ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai ɗaya bayan ɗaya. Yana da kyau ga bayanin lafiya ko na wata sabuwar doka, inda kowa ke zuwa da tasa damuwa ya nemi amsarta ya wuce, amma ba ya gina hujja mai hawa-hawa.

Ɗaliban jami'a da kwalejojin ilimi suna iya cewa su an riga an yanka musu tsari, babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, nazarin bayanai, kammalawa. Gaskiya ne, amma cikin kowane babi zaɓin yana nan. Babi na biyu ne ya fi shan wahala. Abin da aka saba gani shi ne jerin gwano: wane a shekara kaza ya ce, wance a shekara kaza ta ce, shafi bayan shafi, kowane masani da sakin layinsa. Wannan bin lokaci ne ya sake shigowa ta bayan gida. Abin da mai duba kundin ke son sani shi ne a ina masana suka haɗu, a ina suka rabu, wane giɓi suka bari wanda wannan bincike zai cike. Wannan kuwa aikin rarrabewa da kwatanci ne: a tara masu ra'ayi ɗaya wuri ɗaya ko da shekara ashirin ce tsakaninsu, a fuskantar da su da masu saɓa musu. Bin shekaru yana da hurumi ne kawai idan abin da kake son nunawa shi ne yadda fahimtar masana ta sauya da tafiyar zamani.

Duk wannan a matakin maƙala ne. A cikin sakin layi guda kuma zaɓin ya fi ƙanƙanta: jumlar da ke ɗauke da jigo, a farko za ta zo ko a ƙarshe? In ta zo a farko, sauran jumlolin suna yi mata hidima da misali da hujja, kuma mai karatun da ke sauri yana iya tsintar ma'anar rubutun duka daga kawunan sakin layi. In ta zo a ƙarshe, misalai ne ke taruwa har su haifi hukunci, wanda yake da armashi idan an iya, amma yana buƙatar mai karatu mai haƙuri. Ga mai koyo, da mai rubutun jarrabawa, da mai rubutu don allon waya, jigo a farko ya fi aminci. Kuma a lura da kalmomin haɗi, domin su ne ke tona tsarin da ke ƙasa. Idan kowane sakin layi naka yana farawa da "haka kuma", "bugu da ƙari", "har ila yau", "daɗin daɗawa", to tari kake yi, ba gini ba, domin waɗannan kalmomi ba sa cewa komai sai "ga wani kuma". Inda tunani ke motsi za ka ga "amma", "sai dai", "saboda", "duk da haka", "in kuwa".

Doguwar maƙala ba kasafai take tsayawa a kan tsari ɗaya ba. Rubutu a kan canjin kuɗi yana iya zama matsala da mafita a dunƙule, amma ya ɗauki sakin layi ɗaya na bin lokaci don tuna wa mai karatu ranaku, biyu na dalili da sakamako, ɗaya na kwatanta birni da ƙauye. Abin da ake bukata shi ne tsari ɗaya ya zama uba, sauran su yi masa aiki. Hanyar gane ko hakan ta samu ba ta da wuya. Bayan ka gama daftarin farko, kwafe jumlar farko ta kowane sakin layi a wata takarda, ka karanta su a jere. In sun ba da ma'ana su kaɗai, tsarin ya tsaya. Sannan gwada musanya sakin layi biyu da juna. In ka musanya babu abin da ya lalace, to ba a ɗaure suke ba, sai ka koma ka tambayi kanka wace tambaya mai karatu zai yi bayan ya gama na farkon, ka sa wanda ke amsa ta ya biyo. Sakin layin da bai amsa kowace tambaya ba, komai kyawunsa, ajiye shi a gefe don wani rubutun.